Ina ruwan al'ada da muhalli da tsarin samar wa birni ruwa?

Tambaya: Wani ɗalibi mai nazarin tsara birane ya rubuto yana cewa, a fahimtarsa samar wa birni isasshen ruwa aiki ne na injiniyoyi da masu lissafin kuɗi, wato a gina madatsa, a tace ruwa, a shimfiɗa bututu, sannan a karɓi kuɗi a hannun masu amfani da shi. To, don me masana suke yawan cewa zamantakewa da al'ada da darajar da ake ba muhalli su ne ke juya akalar manufofin ruwa a birane, kuma ta wace hanya hakan yake faruwa a aikace?

Amsa: Tambayarka tana kan hanya, kuma rabin abin da ka faɗa gaskiya ne, domin babu wata kyakkyawar niyya da za ta kai ruwa gidan mutum ta bututun da ya fashe. Sai dai ilimin injiniya yana da inda yake tsayawa. Injiniya zai iya gaya maka yawan ruwan da ke kwance a madatsa, da yawan da rana take ƙafarwa a wata, da yawan da ke zurarewa ta tsofaffin bututu, har ya ƙiyasta maka watannin da ragowar za ta ɗauka idan sama ta ƙi zubarwa. Abin da lissafinsa ba zai fitar ba shi ne wanda za a fara rage wa ruwa idan bai isa kowa ba, da adadin da ya kamata a bar wa wanda ba ya iya biya, da irin ruwan da mutane za su yarda su kai bakinsu, da kason da za a ƙyale wa kogin kansa. Waɗannan duka hukunci ne da mutane suke yankewa, kuma abin da al'umma ta ɗauka da daraja shi ne ma'auninsu. Abin da ke ɓoye su shi ne, a takardar manufa da alƙaluma ake rubuta su, lita kaza ga mutum, kashi kaza ga masana'antu, sai mai karatu ya zaci kimiyya ce ta haife su.

Mu fara da ma'anar abin da ake nema. Idan hukuma ta ce birni yana da tabbacin samun ruwa, tabbacin wa take nufi? Na taɓa zama a wani taron tsare-tsare inda aka baje taswirar wani birni a kan tebur, an shafa wa unguwannin da aka ce sun samu ruwa shuɗin launi, kuma kusan duk taswirar shuɗiya ce. Da muka bi diddigi sai muka tarar ma'aunin da aka yi aiki da shi shi ne ko babban bututu ya ratsa titin unguwar. A ɗaya daga cikin unguwannin da suka sha shuɗi, wata mata ta nuna mana yadda take barin kan famfo a buɗe idan za ta kwanta, ta kife tasa a ƙarƙashinsa, domin ƙarar ɗigar ruwa a bayan tasar ta tashe ta idan an saki ruwa wajen ƙarfe uku na dare. Wanda ya zana taswirar bai yi ƙarya ba, bututu ya ƙirga, kuma barcin matar ba ya cikin abin da aka ce masa ya ƙirga. Irin wannan giɓin ne ya sa ma'aunin da aka ɗauka bayan muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 ya gindaya sharuɗɗa uku kafin a ce gida yana da amintaccen ruwa: ya kasance a harabar gidan, a same shi lokacin da ake bukatarsa, kuma ya kuɓuta daga gurɓata. Sauya ma'auni kawai yana iya mayar da taswira mai shuɗi ta koma fara, ba tare da an taɓa bututu ko ɗaya ba.

Ban san misalin da ya fito da wannan batu fili kamar na Afirka ta Kudu ba. Bayan rushewar mulkin wariyar launin fata, kundin tsarin mulkin ƙasar na 1996 ya faɗa a sashe na 27 cewa kowa yana da haƙƙin samun isasshen ruwa. Kalmar "isasshe" ba ta zubuwa a tanki sai an mayar da ita lita, don haka a 2001 gwamnati ta fito da tsarin ruwan kyauta na lita 6,000 ga kowane gida a wata, wanda aka gina a kan lissafin lita 25 ga mutum ɗaya a rana a gida mai mutum 8. Daga baya birnin Johannesburg ya girka wa mazauna unguwar Phiri ta Soweto mitar da sai an sa mata kuɗi kafin ta saki ruwa, wadda take rufewa da kanta da zarar kason kyauta ya ƙare. Mazauna unguwar suka kai ƙara, a shari'ar da aka fi sani da sunan Mazibuko, suna cewa a filaye da yawa mutanen da ke shan famfo ɗaya sun haura 8 nesa ba kusa ba saboda ɗakunan da aka gina a bayan gidaje, kuma unguwannin masu hali ba a sa musu irin wannan mitar ba, su sai sun sha suke biya. Babbar kotu a 2008 ta ce abin da ya isa shi ne lita 50 ga mutum a rana. Kotun ɗaukaka ƙara a farkon 2009 ta ce lita 42. Kotun tsarin mulki kuma a watan Oktoba na 2009 ta ce ba hurumin kotu ba ne ta ƙayyade adadi, kuma manufar birnin ba ta saɓa wa hankali ba. Kotuna uku ke nan a ƙasa ɗaya, a kan hujjoji kusan iri ɗaya, da amsa uku mabambanta, alhali jikin ɗan Adam bai canza bukatarsa ba tsakanin 2008 da 2009. Abin da ya bambanta shi ne abin da kowace kotu ta lissafa a cikin rayuwa ta mutunci, ko sha da girki da wanke jiki kawai, ko har da wanki da kora masai da jinyar mara lafiya a gida, da kuma wanda take ganin shi ya cancanci yanke wannan hukunci, alƙali ko zaɓaɓɓen wakili.

Fari yana tona irin waɗannan zaɓuɓɓuka fiye da komai. Bayan shekaru uku na ƙarancin ruwan sama, a farkon 2018 birnin Cape Town ya sanar da ranar da za a rufe famfunan yawancin gidaje, a koma bin layi a wurare kusan 200 domin karɓar lita 25 ga mutum a rana. Daga 1 ga Fabrairu aka ƙayyade wa kowa lita 50 a rana, aka rage wa manoma kasonsu ƙwarai, kuma yawan ruwan da birnin ke sha ya faɗi da fiye da rabi idan aka kwatanta da shekarun da suka gabaci farin. Ranar ba ta zo ba, domin jama'a sun tsuke bakin famfo, wasu manoma sun sadaukar da ruwan madatsunsu, sannan ruwan sama ya dawo. Amma mazauna unguwannin bukkoki sun yi wata magana da har yau ban ji wanda ya karya ta ba, cewa abin da birnin ke kira bala'i mai zuwa, wato ɗaukar jarka a bi layin famfon jama'a, shi ne rayuwarsu ta kullum tun kafin farin, kuma ba a taɓa kiransa bala'i ba. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa gidajen masu hali, waɗanda ba su kai kashi 14 cikin 100 na mazauna birnin ba, su ke shan fiye da rabin ruwansa, mafi yawa a lambu da wurin ninƙaya. Da matsi ya yi tsanani kuwa, da yawa daga cikinsu suka haƙa rijiyar burtsatse a gidajensu suka rage dogaro da hukuma, abin da ya rage mata kuɗin shigar da take tallafa wa marasa ƙarfi da shi, ya kuma ƙara jan ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda na kowa ne.

Wannan ya kai mu ga farashi, inda aka fi tayar da jijiyar wuya. Taron duniya kan ruwa da aka yi a Dublin a 1992 ya ayyana cewa ruwa yana da ƙimar tattalin arziki kuma a ɗauke shi a matsayin haja, kuma wannan ra'ayi ne ya share fagen miƙa ruwan birane da dama ga kamfanoni a shekarun 1990. Shekara 18 bayan haka, a ranar 28 ga Yuli, 2010, babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa samun ruwa mai tsabta haƙƙi ne na ɗan Adam, da ƙuri'a 122, babu wadda ta ƙi, ƙasashe 41 kuma suka ƙaurace. Bolibiya ce ta gabatar da ƙudurin, kuma hakan yana da tarihi. A 1999 an ba kamfanin Aguas del Tunari kwangilar ruwan birnin Cochabamba ta shekara 40, kuɗin ruwa ya tashi, kuma sabuwar dokar da ta zo tare da kwangilar ta sa mutanen bayan gari suka ji tsoron rijiyoyin da suka haƙa da guminsu ta hanyar ƙungiyoyinsu za su faɗa ƙarƙashin ikon kamfanin. Zanga-zangar da ta biyo baya, wadda aka kashe wani matashi mai shekara 17 a cikinta, ta tilasta soke kwangilar a watan Afrilu na 2000. Waɗanda suka tsara kwangilar sun lissafa kuɗin bututu da ribar masu zuba jari, amma ba su lissafa cewa mutanen suna kallon waɗannan rijiyoyi a matsayin mallakar jama'a da ba a sayarwa ba. Adalci ne kuma a faɗi sauran labarin, wanda masu murnar nasarar ba su cika faɗa ba: bayan ruwan ya koma hannun hukumar birni, unguwannin kudancin Cochabamba sun shafe shekaru masu yawa suna sayen ruwa a hannun masu tanka, da tsadar da ta fi ta masu famfo. Korar kamfani abu ɗaya ne, nemo kuɗin shimfiɗa bututu kuma wani abu ne daban.

Ra'ayina a nan shi ne, gardamar haƙƙi da haja ta fi zafi a baki fiye da a aikace, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da samo mata bakin zare. Hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da makiyaya da wuta, sananne ne, haka ma labarin rijiyar Ruma a Madina wadda Sayyidina Usmanu ya saya ya mayar da ita ta jama'a. Duk da haka jumhurin malamai sun halatta sayar da ruwan da mutum ya ɗebo ya adana a mazubinsa, domin wahalarsa ta shiga ciki, tare da cewa ba a hana mai ƙishirwa abin da zai ceci ransa. Hukumar ruwa ta zamani a nan take tsaye: kuɗin da take karɓa na tacewa ne da turawa da gyara, kuma tambayar da ta rage ita ce me za a yi da wanda ya kasa biya. Ingila da Wales, waɗanda suka sayar da kamfanonin ruwansu gaba ɗaya a 1989, sun haramta yanke wa gidan zama ruwa saboda bashi a 1999, Faransa ma ta bi sahu da wata doka ta 2013. A birnin Detroit na Amurka kuwa, inda ruwan yake hannun hukuma, an yanke wa dubban gidaje ruwa a 2014 saboda bashi, har jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya suka je suka yi tir da lamarin. Ka ga mallakar kamfani ko ta hukuma ba ita ce ta raba su ba.

Akwai wani tarko da masu kyakkyawar niyya suke faɗawa, kuma ya kamata ɗalibi ya san shi. Birane da yawa suna amfani da farashi mai hawa-hawa, inda litocin farko suke da arha, na gaba su ƙara tsada, da nufin mai ɗan amfani ya samu sauƙi, mai almubazzaranci ya ji a aljihunsa. Tsarin ya ɗauka cewa kowace mita tana wakiltar iyali ɗaya. A inda iyalai biyar ko shida suke haya a gida ɗaya da mita ɗaya, ko inda maƙwabta suke ɗiba a famfon mutum ɗaya, jimillar abin da suke sha tana tura su matakin mafi tsada, sai talakawan da aka yi tsarin dominsu su riƙa biyan farashin masu lambu. Wanda kuwa bututu bai kai gidansa ba sam, tallafin bai ma san da shi ba. Wanda bai san yadda mutane suke zama ba zai iya rubuta dokar adalci da hannunsa, ta fita titi ta yi akasin abin da ya nufa.

Dangane da al'ada, babu inda tasirinta ya fi bayyana kamar batun sake tace ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, har da na masai, a mayar da shi abin sha. Ta fuskar fasaha an daɗe da warware matsalar. Birnin Windhoek na Namibiya yana yin haka tun 1968 a matatar Goreangab, kuma ya gina sabuwa a 2002. Amma a garin Toowoomba na Ostireliya, a tsakiyar wani mummunan fari, an jefa ƙuri'ar raba gardama a watan Yuli na 2006, kusan kashi 62 cikin 100 suka ce ba su yarda ba, bayan masu adawa sun laƙaba wa garin wani suna da ke haɗa shi da bahaya. Ƙarshenta sai da aka ja bututu mai tsada daga madatsar Wivenhoe. Singafo kuwa, wadda ta dogara da ruwan da take saye daga Malesiya a ƙarƙashin yarjejeniyar 1962 da za ta ƙare a 2061, ta bi wata hanya. Ta ba ruwan suna mai daɗin ji, NEWater, ta buɗe wurin da ɗalibai da sauran jama'a suka riƙa zuwa su ga matakan tacewa da idonsu, kuma a bikin ranar ƙasa na 2002 firaminista Goh Chok Tong ya ɗaga kwalbarsa ya sha a gaban dubban mutane da aka raba wa irinta. Ta ɗaure maganar da 'yancin ƙasa, wato ƙaramar ƙasa ba za ta bar maƙogwaronta a hannun maƙwabciya ba. Na'urorin tacewa na Singafo da waɗanda aka shirya wa Toowoomba ba su da wani babban bambanci. A Saudiyya ma sai da majalisar manyan malamai ta ba da fatawa a 1978 cewa gurɓataccen ruwa yana komawa mai tsarki idan an tace shi har launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa suka koma asali kuma babu cutarwa, kafin ƙofar sake amfani da shi ta buɗe sosai.

Ba na goyon bayan masu yi wa ƙyamar jama'a dariya suna kiranta jahilci. Ƙyamar ƙazanta ta ceci rayuka masu yawa tun kafin a ƙirƙiro madubin ganin ƙwayoyin cuta, kuma sau da yawa abin da mutum yake nufi idan ya ce ba zai sha ba shi ne bai amince da hukumar da za ta kula da matatar a daren da ba kowa yake kallo ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, duk birnin da ke ɗibar ruwa a ƙasan kogin da wani birni ya zuba nasa a sama ya riga ya daɗe yana shan irin wannan ruwa, tafiyar kilomitoci a cikin kogi ce kawai ta wanke masa suna. Haka ma shimfiɗa koriyar ciyawa a ƙofar gida al'ada ce da aka gada daga ƙasashe masu yawan ruwan sama, aka kai ta hamada. Hukumar ruwan yankin Las Vegas, birnin da ke hamadar jihar Nevada ta Amurka, ta shafe fiye da shekara 20 tana biyan mutane kuɗi su tuge ciyawarsu, har jihar Nevada ta yi doka a 2021 ta hana shayar da ciyawar ado da ba a amfani da ita da ruwan kogin Colorado daga 2027.

Saura muhalli, wanda a tsohon tunani ake ganin duk ɗigon da ya kai teku ba a tare shi ba asara ce. Birnin New York yana samun kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga tsaunukan Catskill da yankin Delaware, kuma ba ya tace shi da irin babbar matatar da doka ta saba bukata. Da hukumomin tarayya suka matsa a shekarun 1990, sai aka ga gina matatar zai ci dala biliyan 6 ko fiye, ban da kuɗin gudanarwa, don haka a 1997 birnin ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan yankin, yana sayen filaye daga masu son sayarwa, yana biyan manoma su nisanta kashin dabbobi daga ƙoramu, yana gyara musu matatun ƙazanta. Ana yawan kawo wannan a matsayin hujjar cewa kiyaye daji ya fi gina matata arha, kuma gaskiya ne, amma abin da ya ɗauki shekaru ana ciniki a kansa shi ne tsohon ciwo: mutanen yankin ba su manta cewa madatsun birnin, irin su Ashokan da aka kammala a 1915, sun nutsar da ƙauyukan kakanninsu ba, don haka suka dage sai birnin ya yi alƙawarin ba zai ƙwace fili da ƙarfin doka ba. Chennai a Indiya kuma ta nuna ɗaya fuskar. Birnin ya cike tafkunansa da fadamunsa da gine-gine, har fadamar Pallikaranai ta rasa mafi yawan faɗinta, sai ga ambaliya ta shanye shi a Disamba 2015, sannan a Yuni 2019 manyan ma'ajiyan ruwansa huɗu suka kusa ƙafewa har aka riƙa kawo ruwa ta jirgin ƙasa. Wuraren da aka ɗauka kangon banza su ne suke shanye ruwa idan ya yi yawa, su ajiye shi a ƙasa zuwa lokacin da ya yi ƙaranci.

Wasu ƙasashe sun wuce lissafin riba, sun ba kogi kaso a doka. Dokar ruwa ta Afirka ta Kudu ta 1998 ta ware wani kaso da ba a taɓawa kafin a raba wa kowa, wanda ya ƙunshi bukatar ɗan Adam ta asali da abin da kogi yake bukata don ya rayu. A New Zealand, majalisa ta ba kogin Whanganui matsayin mutum a gaban doka a 2017, bayan gwagwarmayar fiye da ƙarni guda ta al'ummar Maori, 'yan asalin ƙasar, waɗanda suke ɗaukar kogin a matsayin kakansu. Wannan fahimta tana shiga har aikin injiniya, domin a wurinsu zuba ƙazantar ɗan Adam kai tsaye cikin ruwa abin ƙi ne komai tacewar da aka yi mata, shi ya sa wasu garuruwa suke bi da ruwan da suka tace ta cikin ƙasa ko duwatsu kafin ya isa kogi ko teku.

Kada ka ɗauka waɗannan abubuwa uku, wato zamantakewa da al'ada da muhalli, kullum suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Madatsar da za ta kai famfo unguwar marasa ƙarfi tana iya tayar da wani ƙauye ta kuma kashe kifin da masunta ke rayuwa a kansa. Kare muhalli yana iya zama rigar da masu hali suke sawa don hana a gina wa wasu gidaje kusa da su, kuma wanda ya fi murya a taron jin ra'ayin jama'a ba lallai ne shi ya fi ɗaukar jarka ba, domin matan da suka fi kowa sanin wahalar ruwa sau da yawa suna wurin nemansa a lokacin da ake taron. Saboda haka idan takardar manufa ta zo hannunka, shawarata ita ce ka tsallake gabatarwarta mai daɗin baki ka nemi jadawalin matakan fari, ka ga wanda ake fara rage wa da wanda ake bari har ƙarshe, sannan ka duba abin da aka ce a yi wa mai bashi, da ko an rubuta wa kogi adadi ko an bar shi da ragowa.

Labarin Los Angeles ya haɗa duka, kuma ya nuna cewa abin da al'umma ta ɗauka da daraja yana sauyawa, manufa kuma ta bi shi a baya. A 1913 aka buɗe magudanar da injiniya William Mulholland ya jagoranci ginawa, mai ɗauko ruwa daga kwarin Owens a nisan fiye da kilomita 370, kuma a lokacin an yi bikinta a matsayin nasarar wayewa. Kafin ƙarshen shekarun 1920 tafkin Owens ya ƙafe, noman kwarin ya durƙushe, kuma busasshen gindin tafkin ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren da ƙura mai cutarwa ke tashi a Amurka, wadda birnin ya kashe fiye da dala biliyan 2 wajen danne ta, har da mayar da wani kaso na ruwan da ya ɗauke. A 1941 birnin ya miƙa hannu zuwa ƙoramun da ke ciyar da tafkin Mono, ruwan tafkin ya sauka da fiye da mita 13, gishirinsa ya ninka, kuma wani tsibiri da tsuntsaye suke ƙyanƙyasa a kai ya haɗe da tudu har namun daji suka samu hanyar shiga. Wannan karon wasu ɗalibai da masu nazarin tsuntsaye suka kafa ƙungiya a 1978, aka je kotu, kuma a 1983 kotun ƙolin Kalifoniya ta yanke cewa tafkin amana ce ta jama'a a hannun gwamnati, don haka lasisin ɗibar ruwa, komai tsufansa, ana iya sake duba shi. A 1994 hukumar ruwan jihar ta ƙayyade abin da birnin zai riƙa ɗiba har sai tafkin ya dawo wani matsayi da ta gindaya. Birnin bai mutu da ƙishirwa ba, ya koma ga sauya masai da na'urorin wanka masu cin ruwa da sake amfani da wanda aka tace, har ya zama ruwan da yake sha bai wuce na shekarun 1970 ba duk da ƙarin mutum kusan miliyan ɗaya. An yi zaton tafkin zai kai matsayin da aka gindaya cikin shekara 20 ko makamancin haka, amma shekara 30 sun wuce bai kai ba saboda fari mai maimaituwa, kuma birnin da masu kare tafkin sun ci gaba da jayayya a kan ko a ƙara rage abin da ake ɗiba.